Dala Biyu a Jaka Ɗaya

Ustaz Othman ya kafa ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu a ido ɗaya, ya runtse ɗayan, yana mirgina wata tsohuwar dalar azurfa a tsakanin yatsunsa. Rafi'u na zaune a bakin shagonsa na turare da ke wani lungu a Bab Makka, cikin birnin Jidda, yana kallonsa, kuma ransa bai so ba. Icen sandal mutumin ya zo saya, an auna masa, an ƙulle a takarda, ya biya. Maimakon ya kama gabansa sai ya gyara tsayuwa, wai a ba shi abin awon ya gani.

"Riyal faransa ce, ta mutanen da," in ji Othman da Hausarsa ta haifaffun Jidda, wadda rabinta Larabci ne. "Ka san ina tara su, ya akhuya? Ba don kashewa ba. Wani Bature a ofishinmu na jiragen ruwa ya sa mini ciwon. Kowa fuska yake kallo, ga mace a nan, ga tsuntsu a can, halas. Mu kuwa gefe muke dubawa. Ka ga rubutun nan da ya zagaye bakinta? A wata yana tsaye, a wata yana kife. Mai tarawa hankalinsa ba ya kwanciya sai ya sami kowace iri."

Rafi'u ya yi murmushi. Ba kullum ake zuwa da maganar da ya riga mai ita sani ba.

"Wannan ai tun ina saurayi na san shi, Ustaz. Nawa ma biyu ne, ɗaya a tsaye, ɗaya a kife."

Da ma ya kama bakinsa.

Dalolin nan gadon ubansa ne. Malam Mahmudu ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji, ya yi zaman shekaru a Sudan inda aka haifi Rafi'u, sannan ya ƙetaro teku daga Sawakin, ya kafa wannan shago. Tun da kuɗin takarda suka shigo ba mai ciniki da dalar azurfa a Jidda, amma tsofaffin masu turare ba su sake ta ba, don da ita suke awo. A ɗora ta a faranti ɗaya na ma'auni, a zuba miski ko jawul a ɗayan har su daidaita. Da ita ake sayar wa mutane, da ita kuma ake auna abin da baƙi ke kawowa a saya, jibda daga Habasha, ambar daga wurin masunta.

Ranar da Malam zai cika, Rafi'u bai san kan shago ba, dako yake yi a tashar jiragen ruwa. Aka kira shi, tsohon ya danƙa masa wata 'yar jakar fata, ya yi masa wasiyya yana numfashi da ƙyar. Ya ce a cikin rubutun gefen akwai wani baƙi mai kama da bukka, in ƙafafunsa na ƙasa to rubutun a tsaye yake. Mai rubutu a tsaye ita ce ta saye, mai rubutu a kife ita ce ta sayarwa. Kada ya haɗa abin shigowa da abin fita a kan dala ɗaya, albarka ba ta son haka. Kada kuma ya taɓa fito da su tare a idon mutane. Rafi'u bai tambayi dalili ba. Wa ke tambayar mai barin duniya dalili? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Sama da shekara ashirin ke nan yana zura hannu a jaka, ya zaro ɗaya, ya leƙa gefenta, in ba ita ba ce ya mayar ya zaro 'yar'uwarta. Duk kasuwar ta ɗauka dala ɗaya gare shi, kuma duk kasuwar ta shaida ba a awo irin na gidan Malam Mahmudu.

"Biyu?" Idon Othman ya kawo haske. "Billahi nuna mini ɗayar."

"Kawo wannan tukuna in mayar."

Ina, mai nema ya ga abin nemansa. Rafi'u na zaro ta biyun, Othman ya karɓe ba tare da ya saki ta farkon ba. Ya fito da tasa dalar daga aljihu, a naɗe cikin hankici, ya jera ukun a kan akwatin da ke gaban shagon. Ya ɗauki wannan ya ajiye waccan, ya sauya musu wuri, ya sake sauyawa, har Rafi'u ya kasa gane wacce ce wacce a cikin nasa. Sai waige yake ko maƙwabta na kallo. Yau ce rana ta farko da ya saɓa wa maganar ubansa, kuma a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Ara mini mizaninka," in ji Othman. Ba zargi ya sa shi ba, al'adar masu tarawa ce, komai sai sun auna.

Ya ɗora tasa dalar a hagu, ya ɗora ɗaya daga na Rafi'u a dama. Farantin dama ya sauka har ya taɓa akwati. Othman ya ɗaure fuska, ya hure ƙura daga farantan, ya musanya musu wuri. Ta Rafi'u ta sake rinjaya. Ya cire ta, ya ɗora ta biyun. Wannan karon farantin Rafi'u sama ya yi, yana lilo.

"Ma'aunin ne," in ji Rafi'u. "Iska ce ke kaɗa shi."

Babu iska a lungun nan, ko labulen shagon bai motsa ba. Othman ya ɗauki tasa ya sake ta a kan dakalin dutse, ta yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ɗauki na Rafi'u ya sake su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi tim, kamar an yar da ɓawon kwakwa. Rafi'u bai taɓa jin kukansu ba. Yadda ake riƙon laya yake riƙonsu, ko sau ɗaya bai bari sun taɓa ƙasa ba.

"Ba na gaske ba ne, duka biyun," in ji Othman a hankali. "Aikin maƙeri ne, kuma gwani. Wannan darma aka cika cikinta da ita, shi ya sa ta fi nauyi. Wannan kuma wani farin ƙarfe ne mara nauyi aka shafa wa azurfa. Tawa ita ce mazbut, mai nauyi daidai, tana tsakaninsu."

Da ƙyar Rafi'u ya haɗa tambayar.

"Wacce ce mai nauyin?"

Othman ya kwantar da ita a tafinsa, ya kai gilashi gefenta. "Mai rubutu a tsaye. Mai rubutu a kife ita ce ta gaza. Amma me kake yi da guda biyu a..."

Bai ƙarasa ba. Shi ma jikan 'yan kasuwa ne, ba sai an yi masa fassara ba. Mai nauyi wajen saye, don a karɓi fiye da abin da aka biya. Mara nauyi wajen sayarwa, don a ba da ƙasa da abin da aka karɓi kuɗinsa. Tauye mudu ne ta gaba da ta baya. Rafi'u ya ga lokacin da fuskar mutumin ta sauya, ya ga ya naɗe dalarsa cikin hankici da sauri, yana kallon ko'ina ban da idonsa.

"Ma'alesh, ya akhuya. Ni ban ga komai ba. Wallahi ba mai ji daga bakina."

Da zaginsa ya yi da ya fi sauƙi. Ya ɗauki ƙullin sandal ɗinsa, ya ɗan jinjina shi a hannu ba da saninsa ba, ya juya ya shige cikin jama'a.

Rafi'u ya bi shi da kallo har ya ɓace. Sannan ya ɗauki dalolin ya ɗora su da kansa, ɗaya a kowane faranti, ko Allah zai sa ido ne ya yi masa gizo. Ma'aunin ya karkace har ya ba shi tsoro. Ya kwashe su ya jefa a jaka, ya ja ƙyauren shago ya datse tun ba a kira azahar ba. Tela maƙwabcinsa ya ɗago kai daga keke yana tambayar ko rasuwa aka yi. Rafi'u ya wuce abinsa.

Bai tsaya jiran motar unguwarsu Sharafiyya ba, da ƙafa ya kama hanya cikin zafin nan na Jidda mai manne wa mutum riga a baya. Masu ruwa na wucewa da garwa bibbiyu a kafaɗa suna gaishe shi, yana ɗaga hannu bai san wa yake ɗaga wa ba. Fuskoki ne kawai ke zuwa masa. Tsohuwar nan Bahabashiya da ta kawo jibda a ƙahon sa, ta ce da kuɗin za ta koma gida. Masuncin da ya tsinci ambar sau ɗaya a rayuwarsa, ya wuce shaguna da yawa ya kawo masa don an ce shi ba ya cuta. Alhazan da suka sayi miski don a shafa a likkafaninsu. Waɗannan duk sun watse a duniya, wasu sun riga shi zuwa inda za a yi awon da ba a tauyewa. Ina zai same su ya nemi gafara?

Sai ma yanzu ya ga kamar ya gane abin da ya daɗe yana damunsa. Malam da shagon nan ya gina gida, ya sake hajji sau da dama, ya ciyar da baƙi. Shi kuwa ciniki ya fi na uban yawa, amma kullum jiya i yau, rumfar shagon ma ta gagare shi sauyawa. Ashe haram yake ci. Ina albarka za ta zauna?

Abin da ya fi ci masa rai shi ne uban. Mutumin da ke jan salla a zawiyar unguwa in liman ba ya nan. Mutumin da ya taɓa marinsa don ya tsinci dabino ɗaya a gaban shagon wani ya kai baki. Ya yi ta neman wata hanya da zai wanke shi. Wataƙila shi ma cutarsa aka yi, wani ya sayar masa da su bai sani ba. To in bai sani ba, me ya sa ya raba musu aiki? Me ya sa ya hana a fito da su tare?

Ya sami Inna A'i, mahaifiyarsa, a inuwar katanga tana dakan kajiji a ɗan turmin ƙarfe, aikin da take taya shi da shi tun ƙarfinta bai ƙare ba. Matarsa Mastura ta fita unguwa, yara na makaranta. Tsohuwar ta dube shi ta ƙasan ido. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa.

"Kai kuma lafiya, ka baro shago da rana tsaka?"

Ya durƙusa a gabanta, ya kwance bakin jakar, ya zazzage dalolin a kan tabarma. Suka faɗi tare, gefe da gefe. Ya jira ta tambaye shi mene ne wannan. Ba ta tambaya ba. Ta dai ajiye taɓaryar a hankali, ta goge hannunta a zane.

"Kin sani, Inna."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka ƙera su." Ta kalli dalolin kamar mai kallon tsofaffin maƙwabtan da ba a shiri da su. "A Sawakin ne. Kana goye. Mun kai shekara uku a bakin ruwa muna kallon jirage na tafiya da mutane, kuɗin ƙetarawa ya gagara. Abin da Malam ya tara da rani, zazzaɓi ya cinye da damina. A nan muka binne yayarka da ba ka sani ba."

Rafi'u ya ɗago kai. "Ba ni ne na fari ba?"

"Kai ne na farin da ya tsaya. Bar wannan." Ta ja numfashi. "Wani maƙerin farfaru ya yi masa su. Da ya kawo su na yi kuka, ya ce sai mun ƙetare kawai, daga nan zai jefa su a teku. Muka ƙetare. Ya ce sai mun sami rumfa. Aka sami rumfa, ya ce sai mun sami ɗakin kanmu. Ka san halin irin wannan abu, shiga ke da sauƙi."

"Ya tashi mutuwa kuma ya ɗora ni a kai." Rafi'u ya nuna dalolin da yatsa. "Ya kira shi albarka. Inna, a bakin kabari yake, ya kalle ni ya ce albarka. Ni kuma kowa ya yaba awona sai in ce ba ni ba ne, tarbiyyar Malam ce. Shekara ashirin ina cin haƙƙin baƙin Allah, ina ciyar da ke, ina ciyar da 'ya'yana."

Ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'izar uban nasa. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Ba ta taɓa shi ba, ba ta ce ya yi haƙuri ba. Da ya lafa sai ta tura masa dalolin da bayan hannu.

"Ɗauko mini ta sayarwa."

"Me za ki yi da ita?"

"Ɗauko dai, yadda ka saba."

Ya ɗauki ɗaya. Hannunsa ya yi abin da ya saba yi ba tare da an sa shi ba, ya juya ta hoton macen ya koma ƙasa, tsuntsun ya dawo sama, sannan ya leƙa gefe. Bukkar na tsaye da ƙafafunta. Ya ajiye, ya ɗauki ɗayar, ya juya, ya leƙa. A kife.

"Ga ta."

"Riƙe ta a dama. Ɗauki ɗayar a hagu. To, wacce ta fi jan hannunka?"

Bai taɓa riƙe su tare ba sai yau. Ya jinjina, ya sake jinjinawa. Ya musanya hannu. Ya mayar da su ƙasa, ya sake dubawa tun daga farko, ko ruɗewa ce ta sa ya ɗauko ba daidai ba. Ba kuskure. Wadda yake sayarwa da ita, ita ce mai nauyin.

"Amma mutumin nan ya ce mai rubutu a tsaye ce mai nauyi."

"Gaskiyarsa. Shi mace ya sa a sama, kamar yadda kowa ke yi, kamar yadda Malam ke yi. Kai kaɗai ne ke kife ta." Wani abu mai kama da murmushi ya gifta a fuskarta, bai zauna ba. "Ranar da ya ba ka su, ka zaro ɗaya ka ga mace ƙirji a waje, ga ubanka a kwance, ga ni a zaune. Kunya ta kama ka, ka yi maza ka kife ta kafin ka duba gefen. To in aka kife dala, rubutun da ke tsaye a gefenta ai shi ma ya kife. Ta sayen Malam ta zama ta sayarwarka, ta sayarwarsa ta zama ta sayenka. Idonsa a rufe yake, bai gani ba. Ni na gani."

Rafi'u ya zauna daɓas a ƙasa. Wato duk wanda ya saya a wurinsa ya tafi da fiye da abin da ya biya. Duk wanda ya kawo masa kaya an biya shi kuɗin awo cikakke a kan abin da bai cika ba. Bahabashiyar nan, da masuncin nan, ba su da abin da za su riƙe shi da shi. Ya kamata ya ji sanyi, kuma ya ji, na ɗan lokaci. Sai wani zafi ya biyo baya, wanda bai taɓa ji game da tsohuwar nan ba.

"Kin gani, kika yi shiru."

"Na yi shiru."

"Kina kallo ina fita da asuba in dawo da isha, ba abin da ke taruwa. Kina ji ana cewa Malam bai bar magaji ba, ɗansa ba shi da hannun kasuwa. Ni kaina na yarda rago ne ni. Shekarar da aka kwantar da Mastura a asibiti, sai da na sayar da agogon Malam da darduman ɗakinsa. Kina zaune a nan."

"Ina zaune a nan, kuma ba daren da ban ji shi a raina ba." Ba ta kau da kai ba. "Sau nawa na buɗe baki. To in ce maka me? In ce juya ta, ka yi yadda ubanka ya so? Ko in ce zubar da su, ka tambaye ni dalili, in gaya maka wane ne ubanka tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba? Kana ganinsa kamar waliyyi. Na duba na ga abin da ya kwasa a hannun mutane yana komawa hannun mutane, ba wanda ya shirya, ba wanda ya sani. Sai na ji tsoron sa baki."

"Ba waɗanda ya cuta ne suka samu ba."

"Ba su ba ne. Wannan kam sai Allah." Ta ɗauki taɓaryarta, ta riƙe ba ta daka ba. "Ka ji haushina, ka isa. Amma da na gyara maka hannu a ranar, kukan da ka shigo da shi ɗazu da naka ne na gaskiya."

Aka kira la'asar a masallacin unguwa suna zaune haka nan. Ya tashi ya yi alwala, ya bar dalolin a kan tabarma inda suke, ya ɗauki jakar ba komai a ciki.

A hanyar komawa ya tsaya wurin wani mai canji, ya sayi dala ɗaya. Ya sa aka buga ta a dutse har sau biyu yana saurare, ya sa aka gwada ta da wasu a ma'auni, har mai canjin ya fara ƙosawa. Ya yanke shawara tun a sallar da ya yi: daga yau dala ɗaya, awo ɗaya, ba cutar wani, ba cutar kai. Yana da 'ya'ya mata da ke tasowa, kuma kyautar da mutum bai san yana yi ba, ba kyauta ba ce.

Bai gama ɗage ƙyauren shago ba sai ga Hajiya Rabi'atu, mai yi wa amare turaren jiki a unguwar Hindawiyya, da lulluɓinta da sandarta. Ta zo Jidda bayan rasuwar Malam da shekaru, kuma tun zuwanta ba ta sayen jawul a wurin kowa sai nan. Ta zauna a kan akwati tana haki, ta miƙo masa wata tsohuwar battar ƙarfe da ta yi baƙi don shafa.

"Na zo da azahar na tarar a rufe, na ce ko lafiya. Awo ɗaya na dakakken jawul, ɗana. Gobe ina da amarya."

Ya zaro sabuwar dalar, tana ƙyalli. Yatsunsa suka so juya ta, ya hana su. Ya zuba jawul a hankali har farantan suka tsaya kai da kai, ya jira suka daina motsi, ya juye mata a batta ya miƙa.

Ta karɓa ta leƙa ciki. Ta bubbuga gindin battar a tafinta, ta sake leƙawa. Sannan ta ɗago ta dube shi, kallon da ya sa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Rafi'u, mene ne wannan?"

"Awo ɗaya ne, Hajiya. Cikakke."

"Cikakke a ina? Battar nan ita ce shaidata. Kullum sai na danna da yatsa kafin murfin ya rufu. Yau ga shi ko wuyanta bai kai ba." Ta rage murya don kada tela ya ji, kuma hakan ya fi ciwo. "In abubuwa sun yi maka tsanani ne, ka ƙara kuɗi, ba wanda zai ga laifinka. Amma kada ka taɓa awo. Ni ban riski mahaifinka ba, sai dai ko'ina na shiga a garin nan in aka yi zancen amana sunansa ake kamawa. Shi ya bar maka wannan, ba gini ba. Kada ka zubar masa da shi a kan ɗan abin da bai kai cikin cokali ba."

Maganar ta taso masa har maƙogwaro, dukkanta, da Sawakin da maƙerin da darmar. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ma'aunin da ke tsaye daidai a karon farko tun da aka rataye shi a shagon nan. Ya haɗiye. Ya karɓi battar, ya sa yatsu uku a kwanon jawul ya ɗebo ya ƙara, ya sake ɗebowa, har sai da ta danna kafin murfin ya rufu.

"Yawwa, ko kai fa." Ta ƙulle battar a bakin mayafi, ta dafa sanda ta miƙe. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya jiƙan Malam Mahmudu, ya auna masa da irin awon da ya yi wa mutane."

Rafi'u ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Ta tsaya tana jira, don ba a yi wa uban mutum addu'a ya yi shiru.

"Allah dai ya yi masa rahama, Hajiya," in ji shi.